A Ajiye Koren Ƙyallen Nan, A Gina Wa 'Yar Tsana Gari



Yau faɗa muka zo yi, kuma da koren ƙyalle za mu yi shi.

Sha'awar fim ɗin 'yan tsana ta shigo mana da ƙarfi, muna kuma murna da hakan. Muna nufin irin fim ɗin nan da ake kira sitof-moshin: a ɗauki hoto, a ɗan gusa da hannun 'yar tsana, a sake ɗaukar wani, har a tara ɗaruruwa a jera su su zama motsi. Sai dai tambaya guda ce ke ta dawowa daga masu son farawa. Wane koren yadi ya fi kyau? A ina ake sayensa? Yadi nawa zai isa? Mutum bai gama rubuta labarin ba, bai ƙera ko kan jaruminsa ba, amma tuni ya kama hanyar kasuwa neman kore. Mu kuwa matsayinmu a bayyane yake. Wanda zai ɗauki fim a kan tebur da wayar hannu, koren bango shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ya saya, kuma yawancin labaran da muke rubutawa ba sa buƙatarsa sam.

Wani zai ce ina ruwan marubuci da wannan, ai aikin mai kyamara ne da mai editin. Da ruwansa fa. Marubuci ne ke yanke yawan wuraren da labari zai shiga. Shi ne ke rubuta fitowa ta farko a fadar sarki, ta biyu a ƙarƙashin teku, ta uku a duniyar wata, duk a fim na minti uku, don an tabbatar masa cewa kore zai ɗauke komai. Tun daga kan takarda ake cin bashin, mai motsa 'yar tsana ne ke biya daga baya. Kuma a irin ƙananan ayyukanmu, marubucin da mai motsawar da mai editin sau da yawa mutum ɗaya ne.

Bari mu fara da lissafi, don shi ba ya son kai. Fim ɗin silima hoto 24 ne a daƙiƙa ɗaya. Masu fim ɗin 'yan tsana da yawa suna rage wa kansu wahala su ɗauki 12 a daƙiƙa. Minti ɗaya ke nan hoto 720, minti uku 2,160. Ko da minti ɗaya kacal kowane hoto ke ci maka, awa 36 ke nan kana sunkuye a kan tebur. To duk wani aibi da ke jikin bangonka, sau 2,160 zai bayyana.

Yanzu ga yadda koren ke aiki. Manhaja, ko CapCut ce ko KineMaster ko DaVinci Resolve, ana nuna mata launi ɗaya a ce ta share duk inda ta gan shi, a sa wani hoto a gurbin. An fi zaɓar kore saboda ya yi nisa da launin fatar mutum, kuma idon kyamarorin zamani ya fi jin kore: ɗigogin da ke karɓar kore a cikinsa sun ninka na ja, sun ninka na shuɗi. Dabarar tsohuwa ce. Tun 1940 aka yi amfani da shuɗin bango a fim ɗin The Thief of Bagdad, har Larry Butler ya ci lambar Oscar a kan aikin. Amma manhaja ba ta san bango ba, ba ta san 'yar tsana ba. Launi kawai ta sani. Daga nan masifar ke farawa.

Kore yana fallatsa. Duk abin da aka haska yana mayar da haske, koren bango kuwa koren haske yake mayarwa, ya sauka a kafaɗar 'yar tsana da gefen fuskarta da bakin hularta. A manyan situdiyo maganin abin shi ne nisa: a ja ɗan wasa gaba sosai, a haska bango da fitilunsa daban, a haska mutum da nasa daban. Kai kuma da ke aiki a kan teburin karatu a ɗaki ciki da falo, ina za ka samo nisan? Taƙi biyu ne tsakanin jaruminka da ƙyallen, fitila ɗaya ce ke haska su duka. In 'yar tsanar ta roba ce mai sheƙi, ko yumɓun da yatsa ya goge har ya yi santsi, ta zama madubi. Ka ce wa manhaja ta share kore, ta haɗa da kunnen jarumi ta cinye. Ka sassauta mata, ta bar masa koren zobe a kewaye kamar wanda ya faɗa tukunyar miyar kuka.

Sai inuwa. 'Yar tsana tana jefa inuwa a bango, inuwar kuma wani koren ne mai duhu wanda manhaja ke ɗauka launi ne daban. Haka duk wani yamutsi na yadi. Abin da ba a lura da shi ba shi ne, kyamara tana kusa ƙwarai a wannan aiki, don haka ɗan layin ninkin da ido ba ya damuwa da shi yana fitowa kamar kwazazzabo, saƙar yadin ma tana fitowa zare-zare. In an yi nasarar share inuwar duka kuma, an sayi wata matsalar, domin inuwar ƙarƙashin ƙafa ita ce ke gaya wa ido cewa abu yana tsaye a ƙasa. Shi ya sa za ka ga ƙananan finafinai da yawa da jarumi ke shawagi a kan hoton titi, ƙafarsa ba ta taɓa komai, kamar aljani.

Ga kuma lokaci, wanda mai bidiyo bai san zafinsa ba. Shi yana ɗaukar fitowar daƙiƙa goma a cikin daƙiƙa goma. Kai kana ɗaukarta ne daga azahar zuwa magariba. Rana ta gusa, gajimare ya wuce, wuta ta yi ƙasa ta dawo, an koma janareto, fitilar caji ta fara lumshewa. Koren da manhaja ta gane a hoto na 1 ba shi ba ne a hoto na 90. A bangon da aka gina da hannu, wannan sauyi yana jawo ɗan ƙyaftawar haske, abin haushi ne amma ana iya kallo. A koren bango kuwa gefen 'yar tsana ne ke ta tafasa, yana ci yana cikowa.

Wannan duka matsalar kowa ce a duniya. Akwai wadda ta fi shafarmu. Rubuta labarin fada, ka sa dogari a ƙofa. Kayan dogari ja ne da kore. Rabin dogarinka ya tafi ke nan. Tutar Nijeriya, ganyen darbejiya, gonar gero da damina, kwaɗo, hawainiya, aku, koren rawani, duk abincin manhaja ne. Sai a ce to a koma shuɗin bango. Madalla, sai mu yi ban kwana da babbar riga mai shuni da rawanin ɗan kura da duk abin da ya fito daga marina. Labaranmu cike suke da launukan nan biyu, kuma mun ga yadda ake warware rikicin: a sauya wa dogari kaya, a cire gona daga labari. Wato ƙyalle ne ya koma yana gyara wa marubuci rubutu.

A ce ma komai ya tafi daidai, an share kore tas. Me za a sa a baya? Nan ne abin ya fi ba mu takaici. Hoton da aka sauke daga intanet: dajin Turai mai itatuwan da ba su taɓa ganin hunturunmu ba, ko benayen Dubai, ko wani falo mai kujerun da ba a san na wace ƙasa ba ne. Gizo da Ƙoƙi a gaban dusar ƙanƙara! Hasken hoton yana zuwa daga dama, na 'yar tsana daga hagu. An ɗauki hoton daga tsayin mutum, an ɗauki 'yar tsana daga sama. Mai kallo ba zai iya faɗin abin da ya ɓaci ba, amma idonsa ya riga ya ƙi yarda. Yanzu kuma an samu sabon uzuri, wai ƙirƙirarriyar basira za ta zana duk bangon da ake so. Za ta zana, ba musu. Ka ce ta ba ka zauren gidan ƙasa na birnin Zariya ka ga abin da za ta kawo: wani gini mai kama da na Maroko da aka gauraya da na finafinan Indiya, sumul, babu tsaga ko ɗaya. A gabansa kuma ga 'yar tsanarka mai shatin yatsunka a kumatu. Ba za su taɓa zama 'yan gari ɗaya ba.

Abin da ke sa mutane son fim ɗin 'yan tsana tun asali shi ne ganin abu na gaske, mai nauyi, wanda hannu ya taɓa, yana motsi. Wanda ya kalli Wallace da Gromit na kamfanin Aardman da ke Biristol a Ingila ya san ana ganin shatin yatsa a jikinsu, kuma ba a ɗauke shi aibi ba. Ɗakunan da suke ciki ma ginannu ne, da ƙananan kujeru da kofuna da takardar bango. Mai sayen kore yana zubar da rabin wannan daɗin tun kafin ya danna kyamara.

Masu kare kore suna da hujjar da suka fi so: ai manyan kamfanoni ma suna amfani da shi. Gaskiya ne. Laika da ke jihar Oregon a Amurka tana amfani da shi sosai, ta faɗaɗa sararin sama, ta ƙara taron jama'a da kwamfuta. Amma tana da ma'aikata na musamman waɗanda aikinsu ke nan, su bi hoto ɗaya bayan ɗaya suna gyara gefe. Kuma ita Laikar, a fim ɗinta Coraline na 2009, da me ta yi furannin itatuwa? Da gugguru, aka yi masa fenti. Wes Anderson a Isle of Dogs na 2018, in karnuka suka kaure da faɗa, ƙurar da ke turnuƙe su auduga ce. Mutanen da ke da kuɗin sayen kowace na'ura sun zauna suna manna gugguru da auduga, mu da gugguru ke ƙofar gidanmu muna neman yadin da zai raba mu da aikin hannu.

Koma baya ma ka gani. A 1926 Lotte Reiniger ta fitar da The Adventures of Prince Achmed a Jamus, mafi daɗewar dogon fim ɗin zane mai motsi da ya rage a duniya, kuma daga hikayoyin Dare Dubu Da Ɗaya ta ɗebo labarin. Kayan aikinta almakashi ne da baƙin kwali da siraran takardu, a kan gilashi, da fitila a ƙasa. Da jera takardu masu kauri daban-daban ta samar da nisa, fada a gaba, tsauni a can baya. Shekara kusan ɗari ke nan ana kallonsa.

Ba sai mun tsallaka teku ba ma. Moustapha Alassane, ɗan Nijar da aka haifa a 1942 ya rasu a 2015, wanda ya daɗe yana zaune a Tawa, yana cikin waɗanda suka buɗe wa Afirka ƙofar wannan fanni. Ya yi Samba le Grand da 'yan tsana a 1977, ya kuma yi Kokoa, inda kwaɗi ke kokawar gargajiya. Abin da ke gaban kyamararsa abu ne da aka ƙera da hannu, da kayan da ke kusa. Abin kunya ne a ce matashi a Maraɗi ko Katsina ya haddace sunayen manhajojin share kore guda biyar amma bai taɓa jin sunan wannan bawan Allah ba.

Hujja ta biyu ta fi ta farko ƙarfi: to in jarumi zai yi tsalle ko ya tashi sama fa? Nan ma ba a buƙatar kore. Fim ɗin 'yan tsana yana da wata gata da bidiyo ba shi da ita, wato komai a tsaye yake cak tsakanin hoto da hoto. Ka kafe kyamara, ka ɗauki hoton wurin babu kowa a ciki. Sannan ka tokare 'yar tsana da siririn ƙarfe ka ɗauki tsallen. A wurin editin ka ɗora hoton tsallen a kan hoton da ba kowa, ka goge ƙarfen, bangon gaske ya leƙo ta inda ka goge. Tsalle na rabin daƙiƙa hoto 6 ne kawai za ka gyara. In ma dole sai an raba 'yar tsana da bango gaba ɗaya, masu wannan sana'a suna da tsohuwar dabara: kowane motsi a ɗauke shi sau biyu, sau ɗaya an haska 'yar tsana bango na duhu, sau ɗaya an kashe fitilarta an haska farin bango ta zama baƙar inuwa. Inuwar nan ita ce ma'aunin yanka, kuma ba ruwanta da ko dogari ne ko hawainiya.

Hujja ta uku ita ce wai ba kowa ya iya zane ba. Wa ya ce a yi zane? Mu da muka tashi muna ƙera mota da kara da gwangwanin madara, yau ne za mu ce gina katanga mai tsawon taƙi biyu ya gagare mu? Kwalin taliya da aka shafa wa jar ƙasa da aka kwaɓa da gam ya zama katangar gidan ƙasa, kuma in ta bushe ta tsage, tsagar riba ce. Tsinken tsintsiya ya zama zana, kara ya zama danni da azara, rairayi ya zama tsakar gida, leda mai haske ta zama ruwan rafi, busasshen reshe ya zama kuka. Kafin ƙasar ta bushe ka ɗauki tsinke ka zana dagi a saman ƙofa, ka ga zauren da babu wata manhaja da za ta ba ka. Abin kula ɗaya shi ne girma. Atamfar da furenta ya kai kan 'yar tsana girma za ta tona asiri, a nemi yadi mai ƙananan zane ko marar zane.

Sararin sama kuwa, wanda shi ne ya fi tura mutane ga kore, faffaɗan kwali ɗaya ya ishe shi. A shafa fenti marar sheƙi, mai duhu a sama yana washewa zuwa ƙasa. A ja shi baya da tebur gwargwadon yadda ɗaki ya ba da dama don kada inuwa ta hau shi, a ɓoye mahaɗarsa da tebur da katanga ko tudu ko jerin ƙananan bukkoki. Bukkokin baya a yi su ƙanana fiye da na gaba, launinsu a disashe, ido da kansa zai ce nesa ce. Nan kuma marubuci ke da magana: wane lokaci ne a labarin? Saman hunturu fari ne mai ƙura, rana a cikinsa kamar faifai. Saman damina kafin hadari baƙi ne mai nauyi. Marubucin da ya rubuta "waje, da rana" ya tsaya, bai ba mai gini komai ba. Wanda ya rubuta cewa hazo ya rufe gari har ba a hango hasumiyar masallaci, ya riga ya zaɓi fenti, ya kuma rage wa kansa ginin hasumiya.

Wannan shi ne amfanin ginannen bango da ba a cika faɗa ba. Yana tilasta wa alƙalami ladabi. In ka san da hannunka za ka gina kowane lokeshin, ba za ka rubuta goma ba, za ka rubuta biyu ka san su ciki da bai: ina randa take, ta ina akuya ke shigowa, wace kusurwa ce Gizo zai ɓuya. Daga nan wurin ke fara ba da labari, 'yar tsana ta jingina da katanga, ta leƙa ta taga, ta yi tuntuɓe da turmi. A gaban kore babu abin jingina, babu abin tuntuɓe, shi ya sa jaruman irin waɗannan finafinai ba su da aiki sai tsayuwa suna kaɗa hannu suna surutu.

Kada a ce mun haramta kore. Yana da wurinsa, ƙarami ne dai: allon talabijin ko na waya a cikin ɗakin 'yar tsana, abin da ake hangowa ta tagar mota mai tafiya, tsuntsun da zai ratsa sama shi kaɗai. Wanda labarinsa ya kai shi nan, ga shawara. Ya bar yadi ya nemi kwali mai kauri marar sheƙi, domin a wannan ƙaramin ma'auni kwali ya fi yadi lafiya, ba ya yamutsewa, ba ya son guga. Ya gama 'yar tsana tukuna sannan ya zaɓi launi, kuma ba dole sai kore ba, duk launin da babu shi a jikinta zai yi, ko da ruwan hoda ne mai kauri. Ya yanka kwalin daidai inda ake buƙata kawai, don ƙarancinsa shi ne ƙarancin fallatsa. Ya haska shi daban, ko'ina daidai. Ya bar ƙasan da 'yar tsana ke takawa ya zama na gaske. Ya riga ya zaɓi hoton da zai sa a baya kafin ya kunna fitila, don ya san ta inda haske zai fito.

Sauran ƙa'idojin kuwa sun hau kan kowa, mai kore da mai katanga. A rufe taga ruf da bargo. A yi amfani da fitilar da ƙarfinta ba ya hawa da sauka, ƙaramar fitila a jikin fawa-bank ta fi kwan ɗaki aminci. A kulle haske da launi da saitin nisa a kyamarar waya, kada ta riƙa yanke hukunci da kanta a kowane hoto. Manhajar Stop Motion Studio tana ba da damar hakan. A ɗaure waya da tebur yadda ko an yi karo ba za su gusa ba. Malam mai farar jallabiya kuma ya taimaka ya sauya riga, don farin kaya yana mayar da haske kan 'yar tsana duk lokacin da ya sunkuyo.

Mun san akwai waɗanda suka riga suka sayi yadinsu kuma ba za su ji daɗin wannan rubutu ba. Ba mu nemi a yarda da mu a baki ba. Ga aikin mako: fitowa ɗaya ta daƙiƙa goma, hoto 120, 'yar tsana ta shigo, ta ɗauki wani abu, ta zauna. A ɗauke ta sau biyu, ɗaya a gaban kore, ɗaya a gaban katangar kwali da ƙasa. A rubuta awannin da kowanne ya ci tun daga shiri har ƙarshen editin, kada a ɓoye na editin. A ɗora duka biyun a nan ƙasa kafin Juma'a, tare da layukan da aka rubuta na bayanin wurin. 'Yar tsanar kuma a sa mata kayan dogari.